Wuta Tana Zuwa, Ba Ta Komawa

Motar Baba ta girme ni da shekara biyu. Ƙaramar bas ce mai ƙofar ja, kujera layi uku, kuma 'yan layinmu Gwaggo suke ce mata, saboda sai ta yi tari sau uku kafin ta tashi. Shekara goma sha tara Baba yana kwasar yaran wata makarantar firamare da ita, da safe ya kai su, da rana ya mayar da kowa ƙofar gidansu. Wasu daga cikin waɗanda ya fara ɗauka, yanzu 'ya'yansu yake ɗauka.

Sai aka yi sabuwar shugaba a makarantar. Ana saura mako guda hutu ya ƙare ta aiko wa Baba takarda. Ta ce ranar Litinin da ƙarfe huɗu na yamma mai duba motoci zai zo harabar makaranta, zai duba birki, taya, madubi, hon da fitila. In abu ɗaya ya gaza, akwai wani mai sabuwar bas yana jira, shi za a ba yaran.

Ni na karanta masa, don idonsa ba ya son ƙananan rubutu. Ya karɓa ya ninke ta huɗu ya sa aljihu. Inna ce ta yi magana daga bakin famfo.

"Shekara goma sha tara ba ta ƙwarzane ɗan kowa ba, sai yau za a zaunar da ita jarrabawa. Ita shugabar, lokacin da aka fara, tana goye."

Labari ya kai gidan Yaya, washegari sai ga mijinta. Mai fentin gidaje ne, kuma ko maƙiyinsa ya san yana da tsabtar aiki. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya zagaya motar sau biyu yana taɓa wuraren tsatsa da yatsa kamar likita.

"Baba, ido ke fara yanke hukunci. In mutumin nan ya ga wannan tsatsar, tun bai taɓa birki ba ya gama da mu. A bar min ita ranar Asabar."

Baba bai iya ce wa surukinsa a'a ba. Ranar Asabar mijin Yaya ya zo da bokiti biyu da burushi kala-kala, ya kama aiki tun safe har rana ta yi sanyi. Gwaggo ta koma ruwan ɗorawa, ciki da waje. Lahadi aka bar ta ta sha iska.

Litinin da safe ban je wurin aikina na ɗinkin kujerun mota ba. Na riƙe takardar, Baba ya shiga mazaunin direba, muka bi abubuwan ɗaya bayan ɗaya. Birki ya kama. Tayoyi da sauran ƙwarinsu. Hon ya yi kukan da ya kori kajin maƙwabta. Sai na je gaban motar na tsaya.

"Ta kama?" in ji Baba.

"A'a, Baba."

Ya sake murɗawa. "Yanzu fa? Wannan babbar ce."

"Babu ko ɗaya."

Sigina tana ƙiftawa, jar fitilar baya tana ci, amma manyan idanun nan biyu na gaba shiru. Baba ya fito ya tsuguna ya leƙa su da kansa, ya ɗan bubbuga gilashin da tafin hannu. Matsalar ita ce shi ba ya tuƙi in rana ta faɗi, ya fi shekara biyar da dainawa. Don haka da na tambaye shi yaushe rabonta da kamawa, sai ya sosa ƙeya ya ce shi dai ya san tana yi.

Ƙarfe takwas muka aika wa mai wayarin na bakin titi. Injiniya ake ce masa, kuma shi ya raɗa wa kansa, ya rubuta a allon shagonsa. Ya ce ga shi nan a hanya. Sai sha ɗaya ya iso, da jakar kayan aiki a kafaɗa da tsinken sakace a baki. Yana shigowa tsakar gida ya ja ya tsaya, ya cire tsinken.

"Kai! Wa ya sa wa tsohuwa jan baki?"

Mijin Yaya yana wajen, ya zo ganin yadda aikinsa ya bushe. Ya haɗe rai. "Malam, yi abin da ya kawo ka. Kuma kar ka jingina da ita, bai gama kamawa ba."

"Fentin ɗaki a jikin mota," in ji Injiniya yana dariya. "Saura labule da kujerar falo."

Ya buɗe bonet ya tokare shi da sandar da Baba ke ajiyewa don haka. Ko kallon kirki bai yi ba ya ce, "Fiyus ne. Da ido na gani." Ya buɗe akwatin fiyus, ya zare na fitila ya ɗaga shi sama yana dubawa a hasken rana. Lafiyarsa ƙalau. Duk da haka ya sa sabo. Baba ya murɗa. Babu.

"To ƙwayayen fitilar ne. Sun ƙone."

"Duka biyun rana ɗaya?" na ce.

Ya kalle ni daga sama zuwa ƙasa. "Abokina, kai kujera kake ɗinkawa ko? To in na zo ɗinkin kujera zan tambaye ka."

Ya ɗauko fitilar gwajinsa, wani ɗan ƙwai mai doguwar waya da tsinin ƙarfe. Ya maƙala bakin wayar a kan batir, ya soka tsinin a mazaunin ƙwan fitilar dama. Ɗan ƙwan gwajin ya haska. Ya je hagu, nan ma ya haska.

"Kun gani? Wuta tana zuwa har bakin ƙofa. Ƙwai ne, na faɗa muku."

Aka tura ni shagon kayan mota na sayo ƙwai biyu. Tafiya da dawowa ta ci kusan awa guda. Ya sa su, ya goge hannu a wando, ya ce wa Baba, "Murɗa ka sha kallo." Baba ya murɗa. Kallon da muka sha shi ne na juna.

"Jabu aka ba ka," in ji Injiniya. "An ga fuskarka an san ba ka san komai ba."

Na ɗauki ɗaya daga cikin tsofaffin da ya jefar a ƙasa, na roƙe shi ya gwada min kai tsaye a kan batir. Ya yi tsaki, amma ya gwada don ya kunyata ni. Tsohon ƙwan ya haska har sai da ya kawar da kai.

Inna tana wanki a bakin famfo, duk abin nan a kunnenta. Ba ta kallon kowa in za ta yi irin maganarta, bokitin take kallo.

"Mataccen ma ya tashi. Sai dai a nemo wani laifin a ɗora masa."

Injiniya ya yi kamar bai ji ba. Ya ce to rile ne, wani ɗan baƙin akwati mai yin ƙas in an kunna fitila. Ya sa kunne, Baba ya murɗa, muka ji ƙas ɗin dukkanmu. Duk da haka ya zare shi ya musanya da na hon, don iri ɗaya ne. Hon ya ci gaba da kuka, fitila ta ci gaba da barci.

Rana ta take tsaka. Baba ya shiga ɗaki ya fito, ya sake shiga ya fito. Na ga ya zaro takardar shugaba daga aljihu ya buɗe, shi da ba ya ganin rubutun, ya sake ninkewa.

"Ɗana," ya ce wa Injiniya a hankali, "ƙarfe huɗu fa."

"Baba, ni ba na aikin gaggawa. Yanzu na gano ta. Makunnin ne, na jikin sitiyari."

Kafin wani ya ce uffan ya shige motar da sukudireba. Ya kwance murfin sitiyari, ya zaro wani dunƙulen wayoyi ja da kore da fari, suka zubo kan gwiwarsa kamar hanjin kaza. Ƙananan ƙusoshin ya watsa su a kan tabarmar ƙafa. Ya soka nan, ya soka can, ɗan ƙwansa yana haskawa duk inda ya taɓa. Mijin Yaya yana tsaye a kansa yana faɗin, "A hankali da ƙofar nan, ka bar min shatin yatsa."

Wajen ƙarfe biyu Injiniya ya fito yana zufa. Ya nemi ruwa ya sha, ya gyara murya.

"Gaskiya ɗaya ce, Baba. Wayarin motar nan gaba ɗaya ya ruɓe. Sai an sauke shi an ja sabo. Kwana uku, in an samu kaya. Da ni ne kai ma, da na sayar da ita ga masu gwangwan. Mota ta tsufa, direba ya tsufa, a huta mana."

Baba ya juya ya bar wajen. Ya je ya zauna a kan benci a inuwa, ya ɗora hannayensa a gwiwa. Ban taɓa ganin ya zauna haka da rana tsaka ba.

Inna ta matse rigar da ke hannunta, ta yarfa ta da ƙarfi.

"Tusa dai ba ta hura wuta. Wayar da ta ruɓe ce ta kashe min ido ranar Alhamis?"

Na juya. "Inna, wace Alhamis?"

"Wadda ta wuce mana. Da hadarin nan ya taso da la'asar gari ya yi baƙi, ubanka ya fito zai janye ta daga ƙarƙashin bishiya kar reshe ya faɗo mata. Ina kwashe shanya ya dallare ni da ita, har na ce masa ko ɓarawo ya kama. Maza huɗu a tsaye tun safe, ba wanda ya tambayi mai wanki."

Baba ya ɗago kai. "Haka ne kuwa. An yi haka."

Na zauna a bakin ƙofar motar na fara lissafi da yatsu. Alhamis tana yi. Juma'a ba wanda ya taɓa ta. Lahadi tana shan iska. Saura rana ɗaya. Na dubi mijin Yaya. Ni da shi muna wasa, don haka abin da Baba ba zai iya tambayarsa ba, ni zan iya.

"Yaya, ranar Asabar har cikin bonet ka shiga?"

"Har ciki mana. Kai ka ɗauka ni irin masu shafa gaba su bar baya ne?"

"Da ka zo wajen wayoyi fa, ka zagaye su?"

Sai ya ji kamar na zage shi. Ya gyara tsayuwa.

"Ni? Zagaye? Ka je duk gidan da na yi wa fenti ka kwance makunnin wuta daga bango, za ka tarar da ƙarƙashinsa a shafe. Ƙusa, maratayin labule, marikin ƙofa, duk sai na cire, na shafa, ya bushe, na mayar. Malalaci ke zagaye abu. Zo ka gani."

Ya ja ni gaban motar, ya nuna wani lungu a bayan fitilar dama. Akwai baƙaƙen wayoyi biyu masu zoben ƙarfe a baki, an ɗaure su da noti ɗaya a jikin ƙarfen motar. Wayoyin, da zoben, da notin, duk sun koma ruwan ɗorawa, suna ƙyalli.

"Nan tsatsa ta yi gida," in ji shi. "Na kwance, na shafa sau uku. Zoben nan gaba da baya. Notin ma tsoma shi na yi cikin bokiti na rataye shi ya bushe. Shekara goma ruwa ba zai taɓa wajen nan ba."

Ni ban san wayarin ba. Amma farkon shigata aikin kujera na taɓa kwance irin wannan baƙar wayar a ƙarƙashin kujerar wata mota, na manta ban mayar ba, rediyo ya mutu. Maigidana ya kama kunnena ya ce in riƙe wannan har in mutu: wuta a mota ba zuwa kawai take yi ba, sai ta koma batir, kuma ta jikin ƙarfen motar take komawa. Baƙar wayar ita ce hanyarta ta gida.

Na ce, "Injiniya, ka ce wuta tana zuwa har bakin ƙofa. To ta ina take komawa?"

Ya buɗe baki. Ya dubi notin, ya dubi wayar gwajinsa da ke maƙale a kan batir tun safe. Ashe ita ke ba wutar hanyar komawa duk lokacin da ya gwada, shi ya sa ɗan ƙwansa ke haskawa ko'ina. Ya mayar da tsinken sakace baki.

"Ai nan zan zo. Bi da bi ake aiki."

"Da jibi ka iso," in ji Inna ga bokitinta.

Na ari sifana lamba goma a jakarsa ba tare da na tambaya ba. Notin ya yi tauri da fenti, sai da na dage. Da ya fito na nemi abin kankara, Inna ta miƙo min tsohuwar wuƙar da take kankare tukunya. Na sa ta a jikin ƙarfen.

"Kai, kai, kai!" in ji mijin Yaya. "Shafi uku ne fa!"

"Yaya, faɗin kwabo kawai zan ci."

Ya juya baya, ba zai iya kallo ba. Na kankare har farin ƙarfe ya fito. Na kankare zoben biyu gaba da baya, na wanke notin da fetur na goge zarensa da tsumma. Na mayar na ɗaure tam. Baba ya taso daga benci, ya zura hannu ta taga cikin hanjin wayoyin da ke reto, ya lalubo makunnin ya murɗa.

Ko da rana tsaka sai da muka ga zagaye biyu na haske a jikin bangon bayi.

Ba wanda ya yi ihu. Baba ya kashe, ya kunna, ya kashe, ya kunna. Mijin Yaya ya zo ya durƙusa a gabansa, kai a ƙasa.

"Tashi, ɗana," in ji Baba. "Alheri ka nufa. Kuma ta yi kyau."

Inna ba ta yi wa suruki magana kai tsaye, sai ta bi ta kaina. "Ka gaya wa yayanka Allah ya yi albarka. Ka ce masa in ya tashi yi wa gidan nan fenti, ya faɗa min da wuri in kwashe jikokina, kar a kwance su a shafa ƙarƙashinsu."

Saura sitiyari, wanda yake a warwatse, ga ƙarfe uku ta gota. Injiniya ya shiga mayarwa yana gunaguni wai an sa shi aiki biyu. Ƙusa shida ya kwance, biyar muka samu. Muka ɗaga tabarma, muka tona ƙasa da yatsu, babu. Ya ce ai dama ta shidan ado ce. Da ya rufe murfin Baba ya danna hon, shiru. Ya manta bai mayar da wayarsa ba. Ya sake kwancewa, wannan karon ba wanda ya ce masa komai, kuma ina jin shirun ya fi masa zafi.

Huɗu saura kwata muka fita. Injiniya ya tsaya a ƙofar gida yana faɗa wa maƙwabcinmu yadda ya gano matsalar da kunne.

A harabar makaranta sabuwar bas tana fake a inuwa, fara fat, direbanta yana jingine da ita yana wasa da makulli. Shugaba tana tsaye da mai duba motoci, wani dogon mutum mai allon rubutu a hannu. Da Gwaggo ta shigo, direban sabuwar bas ya rufe baki da hannu.

Mai dubawa ya zagaya ta. Ya shinshina. Ya danna yatsa a jikin ƙofa ya duba yatsan.

"Wannan da tsintsiya aka shafa?"

"Da burushi ne, ranka ya daɗe," in ji Baba.

"Fenti ba ya cikin takardata. Da yana ciki, da mun gama."

Ya shiga ya ja ta zuwa bakin katanga ya taka birki, ta tsaya cak. Ya fito ya tsuguna a kan kowace taya. Ya gyara madubi, ya danna hon. Sannan ya koma gaba ya tsaya, ya ɗaga biro.

"Direba, fitila."

Baba ya shiga. Ina tsaye a gefen taga, na ga yatsunsa sun zame daga kan makunnin, sai da ya goge hannu a riga ya sake kamawa.

"Ƙarama. To. Babba. To. Kashe."

Ya yi rubutu mai ɗan tsawo, ya yage takardar ya miƙa wa shugaba. "Ba abin da zan kama ta da shi. Bayan wata shida a sake kawo min ita."

Shugaba ta karanta har ƙasa, ta koma sama ta sake karantowa, kamar wadda aka ba canji bai cika ba. Ta dubi direban sabuwar bas, ta dubi Baba.

"Gobe ake komawa, Baba. Ban da latti."

"Ban taɓa ba, 'yata."

A hanyar dawowa bai bi titin gida ba. Ya karya ta wani layi mai kwata a tsakiya, ya tsaya a wata ƙofa mai shuɗin ƙyaure, ya danna hon sau biyu gajeru. Wata mata ta leƙo da ludayi a hannu, wata 'yar yarinya tana riƙe da zaninta. Matar ta ga motar ta tuntsire da dariya har tana dafa ƙyaure.

"Baba! Ai cewa aka yi an sallame ku. Wannan kuma wace irin kala ce?"

"Gobe, bakwai saura kwata," in ji Baba. "Ta karya kumallo tun a gida, ba na son ɓarɓashi a kujera."

Ya sa giya. Akwai sauran gidajen yara goma sha ɗaya.